Taken Noman da Ka Ba Sale

Zuwa ga aminina Audu Makaɗi, Kurfi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, shekara tara ke nan rabona da gida. Har yanzu ina ƙasar Sudan, ina noman auduga a gonar wasu, ina neman guzurin ƙarasawa Makka.

Wani mutumin Dutsin-Ma ya sauka wurinmu kan hanyarsa ta hajji. Muna cin tuwo ya ce mini bana a gayyar noman da aka yi a Kutawa ka kaɗa wa Sale takena. Sale! Wanda nake bari a tsakiyar gona in je ƙarshe in dawo in tarar yana gyara ƙotar galma. Audu, nan take na tsame hannuna daga tuwon.

Na sani, ni na ce ka daina. Ranar da na dawo daga wurin Malam na same ka gindin tsamiya kana ɗaure ganga, na ce kiɗa shagala ne, kada ka sake kiran sunana da ita. Ba ka yi gardama ba. Cewa kawai ka yi, "To, Malam Tanko, Allah ya ba da lada." Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Ban sake ra'ayi ba. Abin da Malam ya karantar da ni na yarda da shi har gobe. Sai dai ƙafata ba ta yi karatun ba. Nan babu mai kaɗa wa manomi, kowa ya duƙa shiru kamar ana zaman makoki. In rana ta take, sai in ji gangarka cikin kaina tana cewa, "Tanko maganin gamba, sai rana ta gaji." In yi istigfari, in kuma ga aikin ya fi sauri. Ka ga halin da nake ciki.

Gaskiya kuwa ba ka zalunce ni ba. Da ganga kake ciyar da yara, take kuma ba a rufe shi a rumbu. An ce Sale ya zama namiji, yana tsere wa mutum goma a gona. Allah ya ƙara masa. Amma kakana aka fara kaɗa wa wannan take, ubanka ya kaɗa wa ubana. In na tuna 'yan mata na guɗa, suna share wa Sale zufa da sunan gidanmu, sai ƙirjina ya yi zafi.

Ba zan ce ka kaɗa mini ba, na riga na rantse. Roƙona ɗaya ne, ɗan'uwana: ka yi wa Sale nasa, kai gwani ne. Nawa ka bar shi ya kwanta. In ka ga girman zumunci ka bari, na gode. In ka ƙi, ba ni da bakin magana.

Allah ya yi wa damina albarka, ya yafe mana ni da kai, ko wane ne bai yi daidai ba a cikinmu.

Ka gaya wa Inna abin da na tara: rabin kuɗin jirgin ruwa, riga biyu, buta ɗaya, da izu ashirin a ka. Take kuwa ba ni da shi.

Naka har kullum,
Tanko.