Sai Mutum Biyu Sun Amince

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? A ce mata ina cin abinci sosai.

Na san labari ya iso maka cewa an dakatar da ni a matatar ruwa. Ɗan hutu ne, har na koma. Ka san ni, daga haƙar ramin bututu na kai ɗakin na'urori, ba wanda ya ɗaga ni. Shi ya sa na ji haushi da jami'ar tsaron kwamfuta ta kafa dokar cewa ba a ƙara maganin ruwa sai mutum biyu sun amince, kowa da lambar sirrinsa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni za a sa wa mai gadi?" Ta ce, "Malam, sunanka nake karewa."

Ashe ɓarayin intanet sun sace lambata. Suka ba da umarni da sunana a ninka maganin. Na'ura ta tsaya jiran mutum na biyu. Abokin aikina ya waiwayo, ya gan ni ina shan shayi, ban taɓa komai ba, sai ya ƙi amincewa. Yaya, ruwan nan har asibitin yara yake zuwa.

Lokacin bincike na ɗan rame, kada Inna ta ji. An wanke ni, alhamdu lillahi. Ku sa jami'ar nan a addu'a. Jiya da ta shigo ɗakin, ni na miƙe na ba ta kujerata.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka