Hoton Iya a Gilashin Mai Wanki

Gwaggo Asabe, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin mako uku kacal ya rage mini, kaina kuwa ya ɗaure tamau.

Ni matar aure ce a cikin birnin Zariya, 'ya'yana huɗu. Da safe ina aikin buga takardu a wani ofis a Kongo, da yamma da ƙarshen mako kuma ina ɗaukar hoto. Shekara takwas ke nan ina yi, tun da yayana Isma'ila ya dawo daga kwas ya ba ni wata tsohuwar kyamara da ya gaji da ita. Da 'ya'yana na fara, sai maƙwabta suka gani, kafin in ankara abu ya zama sana'a. Kin dai san gidajenmu na cikin ganuwa, baƙon namiji iyakarsa zaure. Mai hoto namiji sai dai a miƙo masa jariri ya ɗauka tare da uban. Ni kuwa har ƙuryar ɗaka nake shiga. Daga Ƙofar Kuyambana har Tukur-Tukur, da wuya a yi suna ko sa lalle ba a aiko mini ba. Ba alfahari ba, Gwaggo, hannuna yana da kyau.

To ga abin da ya faru. Ina da ƙawa, Sakinatu, tare muka yi karatun allo a zauren gidansu. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Iya, ta haura tamanin. Matar babban malami ce, Allah ya ji ƙansa, kuma tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Allah bai nufe ta da Hajji ba balle a ce hoton fasfo. Ranar bikin jikarta Nana na yi ta roƙonta kamar zan ari baki, ina ce mata jikokin jikoki za su so su san fuskarta. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗi: kati ɗaya tak, a ajiye a akwatin Sakinatu, kada wani namijin da ba muharraminta ba ya sa masa ido. Na ɗauki alkawari. Daidai lokacin da zan danna, ɗankwalinta ya zame, furfura ta bayyana, ta tuntsire da dariya tana ƙoƙarin kamo shi. Hannuna ya riga hankalina, na danna. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyawunsa ba.

Ni kuma sakarai, ban taɓa kawo wa raina cewa mai wankin hoto namiji ne ba. Shekara shida ina kai fim wani situdiyo a Sabon Gari, in ajiye, in dawo bayan kwana biyu in karɓa. A wurina shi da injinsa duk abu ɗaya ne. Na kai masa fim ɗin bikin, na karɓo, na kai wa Sakinatu katinta, aka yi ta sa mini albarka.

Bayan wata biyu Malam Lawal, babban ɗan Iya, ya je situdiyon nan ɗaukar hoton takardun fansho. Sai ga hoton mahaifiyarsa an ƙara masa girma, an sa a firam, an jingina a gilashin da ke kallon titi, tsakanin amare da 'yan makaranta masu hular digiri, kai ba ɗankwali, duk ɗan acaɓar da ya wuce sai ya kalla. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya biya kuɗin firam ɗin, ya naɗe shi a jarida, ya aiko wa maigidana ba tare da ko kalma ɗaya ba. Gwaggo, da ma zagina ya yi. Da na buɗe jaridar nan ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je wurin mai wankin ina kuka, shi ko a jikinsa, wai ai yabo ne, hoton ne ya burge shi ya fitar da na biyu. Saƙon da Iya ta aiko mini ta bakin Sakinatu shi ne wai ba komai, ita ce ta yarda tun farko. Wannan "ba komai" ɗin ya fi mari zafi.

Wata huɗu ke nan ban taka gidan ba. In na hango Sakinatu a hanya sai in karya kwana. An yi suna uku a layinmu ba a kira ni ba. Ita ma kyamarar kamar ta sani, abin jan fim ɗinta ya ƙage da damina, mai gyara ya ce ta gama yayi.

Ana cikin haka sai ƙanen maigidana, Alhaji Dogara, mai zuwa Dubai saro kaya, ya ba ni labarin sabuwar kyamara da ake kira dijital. Ba ta cin fim, ba a kai ta wanki. Kina ɗauka hoton zai fito a ɗan gilashin bayanta, mai hoton ta gani, in bai yi mata ba a goge a gabanta. Na ma ga irinta a hannun wani malamin jami'a a ofishinmu, har ya bar ni na riƙe. Tun daga ranar ba ni da wani tunani. Na kwashi adashina, naira dubu arba'in, Alhaji ya ce da ƙyar za su sayi mafi araha a cikinsu. Maigidana kuwa cewa ya yi in sayi mai fim ta hannu, ta dubu goma sha biyu, in adana sauran, wai abin da ba a san mai gyaransa a Zazzau ba ba abin talaka ba ne. Na san yana da gaskiya ta wani gefen, amma mai fim ai komawa wurin mai wanki ke nan. Ga gwangwanin biskit ɗina a ƙarƙashin gado cike da nagatif, wato wankakken fim, na matan unguwa, har da na Iya, ko buɗe shi ba na iya yi yanzu.

Abin da nake hasashe shi ne in shiga gidan Iya da sabuwar kyamara a hannu, in nuna musu cewa daga yau babu idon da zai ƙara ganin hotonsu sai nawa. Ko ba komai na sami bakin magana. Alhaji zai tashi nan da mako uku. In ba shi kuɗin? In haka ne, wace iri zan ce ya sayo, me zai duba? Ko in bi maganar maigida? Ki gafarce ni da tsawon surutu, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Taki,
Mai Hoto Mai Jin Kunya, Birnin Zariya

*

'Yata Mai Hoto, wa alaikumus salam. Share hawayenki ki zauna, mu yi maganar dalla-dalla.

Ni dai ko rediyo in ya lalace jikana nake kira, saboda haka na ɗauki wasiƙarki na kai wa Malam Ɗahiru, mai ɗaukar hoton jaridarmu, bayan na rufe sunayen da kika ambata. Shekararsa ashirin da biyar yana wannan aiki, kuma ya gwada dijital ɗin da hannunsa. Ya ce abin da kika gani gaskiya ne: a ga hoto nan take, a goge wanda bai yi ba, ba sayen fim. A ganinsa nan gaba can duniya za ta karkata. To amma ya ce ta dubu arba'in a yau, hotonta a gilashin bayanta ne kawai yake da kyau. Da an fitar da shi a kati sai fuska ta yi dishi-dishi, musamman a ɗakunanmu masu ƙarancin haske, inda nan ne wurin aikinki. Tana shan batir kamar me, kafin a gama kamun amarya ta mutu a hannunki. In ta sami matsala kuwa, sai dai ta sake hawa jirgi. Maigidanki bai yi ƙarya ba.

Ga kuma abin da ba ki lissafa ba. Matan unguwa kati suke so, wanda za su sa a ƙasan akwati. Kina da kwamfuta a gida? Kina da firinta da tawadarta? In babu, ina za ki fitar da hoton? Ko dai a kwamfutar ofis, wadda ba taki ba ce kuma hannu goma ke taɓawa, ko a shagon masu kwamfuta, inda wani saurayi zai buɗe hoton a allo, ya iya kwafe shi cikin ƙiftawar ido ba ki sani ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mai wankinki ko ba komai firam ɗaya ya yi, aka saye aka kawo gida.

Idan duk da haka zuciyarki ta nace, to kada ki yi cinikin biri a sama. Ki rubuta wa Alhaji a takarda: mai gilashi a baya, mai fitilar haska ɗaki, mai batirin da ake caji tare da abin cajinsa, da wayar haɗa ta da kwamfuta da faifanta. Ya sa mai shago ya ɗauki fuskar mutum a cikin ɗaki, ya fitar a kati girman wanda kike ba mutane. In bai ga ƙwayar ido tar ba, ya dawo miki da kuɗinki.

Amma tunda ra'ayina kika tambaya, ga shi ba kwana-kwana: bana ki sayi mai fim mai kyau, ki je da wanda ya san kan abin ya gwada miki ita. Sauran kuɗin ki ɓoye. Malam Ɗahiru ya ce farashin dijital sauka yake yi kowace shekara, kyawunta na ƙaruwa, mai haƙuri zai sayi wadda ta fi da kuɗin da bai kai ba. Abin da za ki canza shi ne yadda kike wanki. Ki nemi inda ake yi cikin awa ɗaya, in da mace a kan injin ya fi. Ki tsaya a wurin da ƙafarki har a gama, ki karɓi komai, har katin da ya lalace. Kuma ki faɗa wa kowace mace gaskiya kafin ki ɗauka, cewa hoto yana bi ta hannun mai wanki, wadda ta yarda ta yarda. Alkawarin da kika yi wa Iya, tun ranar da kika yi shi ba ya hannunki. Ba mugunta ba ce, rashin lura ne, amma naki ne, kada ki ɗora wa kyamara.

Sai gwangwanin biskit. Kin ambace shi a gurguje kamar ba komai ba, ni kuwa a nan na fi daɗewa. Fuskokin matan mutane na shekara takwas suna ƙarƙashin gadonki. In gobara ta tashi, ko yara suka buɗe, ko ke kika riga mu gidan gaskiya, wa zai tsare su? Ki bi gida-gida ki mayar wa kowace nata, daga yau kuma kati da nagatif tare za ki riƙa miƙawa. Wannan zai dawo miki da gayyatar suna fiye da kowane sabon inji.

Kin ce kina son kyamarar ne don ki sami bakin magana. 'Yata, ba kyamara kike son Alhaji ya sayo miki ba, wanda zai ba da haƙuri a madadinki kike nema, kuma ba a sayar da shi a Dubai. Tsohuwar nan ta ce ba komai, ke kuma kika ɗauke ƙafa wata huɗu. Kin san me za ta ɗauka? Cewa yarinyar da ta taso a zaurenta ta tona mata asiri, sannan ta guje ta. Ina jin na biyun ya fi yi mata ciwo. Ki fara da Sakinatu, ki roƙi maigidanki ya je wa Malam Lawal. Ke kuma ki ciro nagatif ɗin Iya, ki haɗa da firam ɗin, ki shiga ɗakinta ki durƙusa, ki sa mata su a hannu. Ki ce kin yi kuskure, kada ki ƙara da "amma". In ta ce a ƙona, ki kawo ashana da kanki, ko da shi ne hoto mafi kyau da kika taɓa ɗauka. In ta ce a bar wa jikoki, wannan kyautarta ce.

Alhaji Dogara zai sake zuwa Dubai baɗi, da baɗin baɗaɗa in Allah ya so, kyamarori kuma suna nan jibge a shago. Iya ta haura tamanin. Kada ki jira mako ukun nan, gobe da la'asar ki sa mayafinki ki je.

Allah ya sanyaya zukata, ya sa albarka a hannunki, ya ba Iya lafiya. Ki gaishe mini da ita.

Gwaggo Asabe