Yaya, Kin Tafi da Hannun Hagu

Zuwa ga yayata Jummai, a gidanta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mutanen gida duk lafiya. Ruwa ya cika bana har ya taɓa gindin mangwaron nan na bakin mashiga. Shinkafa ta yi kyau, kifi kuwa ya yi tsada kamar ba a bakin Kwara muke kwana ba. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma kin san halina, magana in ta tsaya mini a wuya sai na fitar da ita, kuma tun da kika tafi ban sami kunnen da ya kai naki haƙuri ba.

Autarki Rakiya za ta yi aure. Kwantar da hankalinki, ita ta kawo shi da kanta. Malamin makaranta ne ɗan Wara, mai kunya, irin wanda yake gaishe da mutum har sai ƙafa ta yi tsami. Ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ƙunshinta ne.

Kin tuna lokacin da ciwo ya kwantar da ke, kika riƙe bakin zanena kika ce, "Ladi, in ranar ɗiyar ga ta zo, ƙunshin Inna za ki yi mata." Na ce to. Da sauri na ce to, kamar mai karɓar goro. Daga ni har ke babu wadda ta tsaya ta tuna cewa rabin ƙunshin Inna kawai nake da shi.

Ai kin san yadda aka yi. Muna yara ba ma shan inuwa ɗaya, ni da ke. A gungu, tsibirinmu na tsakiyar Kwara, muna faɗa, da ruwan madatsa ya ci garinmu aka kwaso mu zuwa tudu muka ɗora daga inda muka tsaya. Tun muna gungun, da Inna ta gaji da rabon faɗa, sai ta raba mana gado tun tana da rai. Ta kai ki bayan ɗaki ta koya miki zanen tafin hagu. Ta kai ni gindin rumbu ta koya mini na dama, ƙayar kifin nan da ke tashi daga wuyan hannu ta hau ɗan yatsan tsakiya. Ta ce, "Hannu guda ba shi ɗaukar jinka. Wadda ta kori 'yar'uwarta, ta tafi ta yi wa amarya rabin ƙunshi mu gani."

Dabarar tsohuwa ta ci. Tun muna manna siraran kaba da ƙaro, har reza da salatif suka zo, tun kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato, babu amaryar da ɗayanmu ta taɓa ita kaɗai. Daga Yelwa zuwa Shanga, daga nan har ƙauyukan Ngaski, tare ake kiranmu. Akwai shekarar da ba ma magana saboda tukunyar da kika ara kika fasa, amma haka muka zauna gefe da gefe, amarya a tsakiya, kowa ta ɗaure fuska tana yanka salatif a bayan farantinta. In na ɗan leƙo sai ki ce, "Ladi, idonki ga aikinki."

To, idona ya zauna ga aikina, Yaya. Ga inda ya kai ni.

Hannuna kuma yanzu ba nawa ba ne. Rawa yake yi tun daga asuba, kamar wanda ake yi wa kiɗan da ni ba na ji. In na ɗauki reza, salatif ya tsira, yatsana ya ji jiki. Rakiya ta ga haka. Sai ga ta wata rana da kwali daga Kaduna, ta ajiye a tsakar ɗakina. Ta ce injin yanka ne, shi zai zama hannuna.

Da kin gan shi da kin yi dariya. Bai wuce akwatin rediyon Baba ba, fari tas, da baki dogo kamar na tarwaɗa. Wuƙarsa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ana shimfiɗa leda mai danƙo a kan wani faifai nasa, a tura masa a baki, sai Rakiya ta yi masa magana ta waya. Daga nan ya kama kuka kamar gyare, yana kai da kawowa, ya tofo ledar. In kin duba ba ki ga komai ba. Sai an sa allura an ɗaga, a ga ashe ya gama aikin da ke cinye mana yini guda.

Ba a rana ɗaya ya yarda da mu ba. Da farko mun sa ledar a kife, ya yanka takardar baya ya bar gaba. Muka gyara, wuƙa ta nutse ta tsaga har faifan. Muka sassauta, ya yi ta shafar leda kamar mai lallashin jariri. Ranar da komai ya daidaita, yana tsakiyar ƙaya aka ɗauke wuta. Na ce wa ɗiyarki wannan inji ɗan garin nan ne, ya san lokacin da ake barin aiki.

Da ya kama hanya, na zana ƙayata a takarda, ta ɗauke ta da waya. Yaya, abin nan ba ya da kara. Har rawar hannuna ya yanka, kowace ƙaya da karkarwarta, ya ajiye mini tsufana a gabana. Rakiya ta zauna ta miƙe layukan ɗaya bayan ɗaya, ina gaya mata inda za ta tsaya. Da ya sake tofowa, sai ga ƙayar Inna kamar ranar da ta koya mini a gindin rumbu. Na juya baya na ce hayaƙin murhu ne ya shigar mini ido.

Sai na ce saura na hagu. Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, Inna Ƙarama. Ta taɓa wani wuri a wayar, zanen ya juya kamar a madubi, inji ya yanka. Ta ɗora su biyu a tabarma tana murna.

Na daɗe ina kallonsu. Kyau kam sun yi. Amma ni biyu na gani a tabarmar nan, babu ke. Amarya da hannun dama biyu.

Ta ce to in zana mata naki. Na ɗauki alƙalami da ƙarfin gwiwa, don me zai hana? Na ga zanen nan sau ba adadi, duk safiyar da aka kwance amarya. Na san akwai layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Na san akwai wani abu a tsakiya. Daga ina yake tashi? Lanƙwasa nawa? Abin tsakiyar ɗigo ne ko zobe? Alƙalami ya tsaya. Ashe ido baƙo ne, ya gani ya wuce. Hannu ne ɗan gida, kuma hannun da ya sani mun rufe shi da ƙasa.

Mun kwashe hotunan biki na cikin akwatinki. Kowace amarya ta ɗaga tafin dama ta kare fuska, ƙayata tana ta haskawa. Na hagu yana cikin mayafi, ko a kife bisa cinya. Wa ke ɗaga wa jama'a hannun hagu? Shekara da shekaru ana yabona a hoto, ke aikinki yana ƙarƙashin gyale, ba ki taɓa cewa uffan ba.

Na hau mota na je Shanga wurin matan da muka yi wa ƙunshi. Wata ta zana mini ganye. Wata ta rantse tauraro ne. Wata tsohuwa ta ce ita abin da ta riƙe kawai shi ne ƙaiƙayi, da faɗan da kika yi mata don ta motsa. Kowa ta tuna muryarki, babu wadda ta tuna zanenki. Lalle ai ba ya jiran kowa, mako kaɗan ya bi ruwan wanke-wanke.

Na daina cin abincin kirki. Ba mutuwarki ce ta dawo mini sabuwa ba, wani abu ne daban. Garinmu yana ƙarƙashin ruwa. Ɗakin Inna, da rumbun, da kukar da muke wasa a gindinta, kifi ke kwana a cikinsu. Abin da muka fito da shi daga gungun nan wanda ba ya ruɓewa, tafin hannu biyu ne. Ga shi ɗaya ya nutse a lokacina, ina zaune kusa da shi.

Ranar kasuwar Wara muka shiga jirgin ruwa ni da Rakiya, za mu gaida dangin mijin, in kuma tambayi wata amaryarmu ta can. Ba mu same ta ba, ta rasu bara. A hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas, ruwa ya fara dukan cikin jirgi, mata suna ta salati. Kin san ɗiyarki da tsoron ruwa, girma bai raba ta da shi ba. Ta runtse ido, ta buɗe tafinta na hagu bisa gwiwa, ta sa ɗan yatsa tana bi a ciki.

Da farko na ɗauka tasbihi take. Sai na ga yatsan yana tashi daga gindin babban yatsa, ya lanƙwasa, ya dawo, ya lanƙwasa, ya zagaye tsakiya, ya ɗaga. Ya koma ya sake. Hanya ɗaya, ba ya kuskure. Na manta da hadari, Yaya. Jirgi yana tangaɗi, ni idona yana kan aikin wata, karo na farko a rayuwata.

Da muka taka tudu na tambaye ta. Ba ta ma san tana yi ba. Ta ce tun tana ƙarama, duk lokacin da kuka shiga jirgi ta fara kuka, sai ki kama hannunta kina yi mata susa a tafi, kina cewa, "Bi hanyar ga, kafin ki kai ƙarshe mun isa." Ita ta ɗauka wasa ne na hana kuka.

Ke ma dai da wayonki. Ko kuwa ba wayo ba ne, hannunki ne kawai ya bi hanyar da ya saba?

A gida na sa ta rufe ido ta bi hanyar da yatsa a kan gilashin wayar. Inji ya karɓa bai tambayi kowa ba, ya yi kukansa ya tofo. Na sa allura da hannun nan nawa mai rawa na ɗaga ledar a hankali. Igiyar ruwa ce, tana zagaye wani ɗan tudu a tsakiya. Zanen ya yi kama da abin da na saba gani. Amma kama ba ita ce sani ba, kuma ni na ga yadda matan Shanga suka rantse a kan ganye da tauraro.

Akwai wuri guda, kusa da ƙaramin yatsa, inda layin ya yanke bai haɗu ba. Shi ke hana ni sukuni. Haka Inna ta koya miki, ta bar wa ruwa ƙofa? Ko a nan ne kullum jirgi yake isa gaɓa, ki saki hannun yarinya ba ki ƙarasa ba? Rakiya ta ce taɓawa ɗaya ce a waya, sai ya haɗe. Na ce ta bar shi. In naki ne, ban isa in gyara miki aiki ba. In kuma ba ki ƙarasa ba ne, to a nan kika tsaya, a nan za mu tsaya.

Ranar ƙunshi ta matso. Lallen yana nan na daka, na tankaɗe. Ledoji biyu suna cikin faifai a kan gadona. Zan zauna a dama in manna ƙayata, sannan in tashi da gwiwoyin nan nawa in zagaya in zauna a wurinki. Ban taɓa zama a hagun amarya ba. Ban san ko alkawarin da na yi miki zan cika ba, ko kuwa susar hana kuka zan ɗora wa ɗiyarki a hannu in kira ta ƙunshin Inna. Ke kaɗai za ki iya faɗa, ke kuma kin yi shiru.

Rakiya ta ce yanzu ba zai sake ɓata ba, duka biyun suna cikin waya, duk mai so sai a yanka mata. Gaskiyarta, na kuma sa mata albarka. Sai dai na tuna dalilin da ya sa aka raba shi. Inna ta raba zanen don mu zauna tare. Yau ga shi ya haɗu wuri ɗaya, ni kaɗai ce a tabarma.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya jiƙan Inna da Baba da duk waɗanda ruwa ya rufe kaburburansu. Allah ya haskaka makwancinki, ya ba ki littafinki a hannun dama, ke da kika ƙare rayuwa kina ƙawata na hagu. Allah ya sa lallen ɗiyarki ya kama, ya zaunar da ita lafiya a ɗakinta, ya tsallakar da ita kowane ruwa. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya ajiye ni kusa da ke. A wannan karon, ko kin yi faɗa sai na leƙa.

Taki har kullum,
ƙanwarki Ladi,
daga Yelwan Yawuri.