Ranar da Kawu Ya Ɗora Tef a Kan Zuciyarsa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana su. Mu nan kowa ƙalau. Mama na fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta garau yake. Maiɗakina ta koma bakin aiki, 'yar autarmu kuma haƙora biyu sun leƙo, duk wanda ya miƙa mata yatsa shi ya jiyo.

Na zaɓi takarda a kan waya domin labarin Kawu ya iso miki a gutsuttsure, kowane gutsure da gishirin wanda ya ɗauko shi. Hoton nan mai ja da shuɗi da ya sa kika kira ni sau bakwai, ba jini ne ya ɓalle ba. Launi ne na'ura ke sawa don a ga inda jini ya dosa. Ni na raka shi tun daga farko, da ɗan littafina a aljihu, don haka ga yadda aka yi.

Kin san ya jima yana haki in ya hau benen shagon ɗinkinsa, yana cewa matakalar ce aka yi ta ba tsari. Da aka duba, sai aka sami huji a bangon da ya raba ɗakuna biyu na saman zuciyarsa. Da shi aka haife shi, shekara sittin da ɗaya ke nan, har ɓangaren dama ya fara buɗewa saboda jinin da ke kwarara ta nan. Likita ta ce hanya biyu ce. Ko a tsaga ƙirji a ɗinke, ko a zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har zuciya, a tura faci a naɗe, ya buɗe kamar 'yan lema biyu, ɗaya ta kowane gefe, su riƙe bangon a tsakiya. Ta biyun kwana ɗaya ake yi a asibiti. Amma ba a yin ta sai hoto ya nuna girman hujin daidai, ya kuma nuna akwai isasshen baki kewaye da shi da facin zai kama.

Hoton farko ta kan ƙirji aka ɗauka, ya ba da milimita ashirin da biyu. Na biyun sai da ya yi awa shida bai ci komai ba, aka fesa masa magani a maƙogwaro, ya haɗiyi wani bututu mai kaurin ɗan yatsa, domin hanyar abinci ta bayan zuciya ta bi, daga nan an fi gani tar. Wannan ya ba da ashirin da shida. Likita kuma ta ce facin da za a sa mai lamba ashirin da takwas ne. Aka tsayar da ranar Alhamis, aka miƙo takardar amincewa. Kawu ya karanta, ya rufe biro, ya soke shi a aljihu. Ya ce shekara arba'in da uku yana ɗinki, bai taɓa sa almakashi a yadin mutum da awo uku ba. Wai ko wando ne aka kawo masa da lamba uku zai mayar, balle abin da ba shi da na canji.

Yaya, in Alhamis ɗin ta wuce, sai bayan wata huɗu za a sake samun gurbi, kuma Likita ta faɗa mana ƙarara cewa zuciyar ba za ta tsaya jiran kowa ba. Na yi masa bayani da zane a takarda, ya ce ni aikina gyaran rubutun mutane ne a gidan jarida, in na yi kuskure gobe sai in buga neman afuwa, shi fa a wane shafi za a buga nasa. Mama ta zo da nata salon. Ta ce wa ƙanin nata, Auta, kai da ka ɗinka wa maigidana rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yau kai ne mai ƙyamar awo? Ya ce hannun marigayin ne bai yi daidai ba, kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa. Daga nan ya kafa sharaɗi: ba zai sa hannu ba sai ya auna da kansa.

Ranar Talata muka koma. Mai ɗaukar hoton, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta yarda ta buɗe masa hotunan a allon na'urarta. Kafin ta gama gyara kujera, Kawu ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya manna a allon, ya danne da babban yatsa. Na ga leɓensa na motsi, sannan na ga ya nemi bango ya jingina. Inci uku ya samu. Da muryar da ban san shi da ita ba ya ce mu tafi gida, wannan ya wuce faci, ƙofa ce, kuma ashe duk lambobin nan uku lallashinsa ake yi. Har ya fara gaya mini wanda zan ba keken ɗinkinsa.

Mai hoton ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta murɗa wani maɓalli, hujin ya koma kamar ƙwayar wake. Ta sake murɗawa, ya cika allon. Ta ce Baba, auna yanzu. Ya dubi tef ɗin, ya dubi allon, ya naɗe abinsa a hankali. Sai ta ɗora hannunsa a kan ɗan ƙwallon da ake juyawa, ta nuna masa yadda ake dasa alama a baki ɗaya, a ja zuwa ɗaya bakin, na'ura ta faɗi tsawon. Ya ja a kwance, ashirin da biyu. Ta juya hoton, ya ja a tsaye, ashirin da shida. Sai ya ce ashe wuyan riga ne, ba zagayayye ba, ai da an faɗa masa tun farko. Ya ƙara da cewa laifin na zuciyar ne, tunda ba ta tsayawa wuri ɗaya a auna ta, kamar yaron da aka kawo awon kayan makaranta.

Saura biyun da aka ɗora a kan ashirin da shida. Likita ta shigo ta ce rara ce, don facin ya zauna daram. Kawu ya ce yanzu ta yi magana, sai dai rarar milimita biyu rowa ce, shi rabin inci yake bari. Ta ce in ta bar rabin inci, facin zai taɓa maƙwabta, wato sassan zuciyar da ke kusa. Ya bi bakin hujin da ido, gefe bayan gefe, ya nuna wani wuri ta sama ya ce nan yadin ya yi ƙaranci. Likita ta dube ni, ta dube shi, ta ce wurin da ita ma ta fi sa wa ido ke nan, amma sauran gefunan sun isa su riƙe, kuma in ta ja ta ga bai kama ba, za ta naɗe shi ta fito da shi. Ya tambaya ko tana ja bayan ta ɗora. Ta ce kowane lokaci. Ya zaro biro.

Ranar Alhamis idonsa biyu aka yi aikin, cinyar kawai aka kashe. Bututu biyu aka zura, ɗaya ɗauke da facin, ɗaya da 'yar na'urar hoto da ke gani daga cikin zuciyar, ga kuma hoton eksire daga sama yana nuna inda waya ta kai. Ni a waje na zauna, ma'aikatan ne suka ba ni labari. Wai da ya ga rigunan dalma da suke sawa don kare jiki daga hasken, sai ya tambayi wanda ya yanka su, ya ce kafaɗar duk ta zube. Da aka zo jan facin, Likita ta ja sau biyu, bai motsa ba. Kawu ya ce ta ƙara ɗaya. Ta ƙara. Awa ɗaya da minti goma aka fito da shi, ƙirjinsa ko ƙwarzane babu.

Washegari aka sake hoto kafin sallama. Facin na zaune, fari fat a tsakiyar allon, kwararar nan mai launi ta tsaya sai ɗan zare. An ba shi maganin tsinka jini na wata shida, an hana shi taka keke na sati biyu. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce aiki ya yi tsabta, amma a gaya wa Likita gaskiya, facin ƙwararre ba a ganinsa, wannan kuwa daga bakin ƙofa ake hango shi. Da aka gaya mata, ta ce ya ba shi wata shida, naman zuciyar zai tofo ya lulluɓe shi ciki da waje, har jini ya riƙa wucewa bai san da shi ba. Muka shiga mota. Can a hanya Kawu ya ce, duk yadin da ya taɓa riƙewa, bai taɓa samun wanda ke taya tela rufe faci ba.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya, ki bar neman tikiti. Mama na gaishe ki, Gwaggo da Baffa na gaishe ki, maiɗakina na gaida yara ɗaya bayan ɗaya. Ki miƙa gaisuwata ga maigidan. Kawu ya ce ki kira shi bayan la'asar, lokacin ya gama faɗa da mu a kan keken.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Ƙaninki