Fuskar Inna Kande a Hasken Fitila Ɗaya

Asabar da dare, Ƙaraye

Barci ya ƙi zuwa, raina har yanzu a ɓace yake.

Ɗazu na dawo daga biki a Yammedi. Ƙawata Hajara ta roƙe ni in ɗauki hoto ɗaya mai kyau na mahaifiyarta, Inna Kande, domin daga yau ta daina waƙa, ƙirjinta ya gaza. An yi mata aikin ido, ba damar haska mata filashar kyamara. Ana fara kiɗan ƙwarya sai wan ango ya janye wayar janareta zuwa rumfar maza, aka bar mu da fitilar caji ɗaya. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, ai waƙa da kunne ake ji." Allah ya taimake shi kyamara ce a hannuna, ba taɓarya ba.

Na buɗe idon kyamara har f/1.8 don haske ya shiga, na kai ISO, wato ƙarfin kama haskenta, 6400, hoto ya yi yashi-yashi. Na rage gudun shata, wato ƙiftawar idon kyamara, zuwa 1/60 na daƙiƙa, fuskarta ta koma hayaƙi, don ba ta tsayawa. Hoto arba'in, duk shirme.

Sai na daina kallo, na saurara. Ashe duk sanda 'yan amshi suka karɓa, takan ɗaga kai ta tsaya ta ja numfashi. A nan na danna.

Ɗaya ya fita. Fuska tar, amma hannayenta sun narke a kan ƙwarya. Na tura wa Hajara ina fargabar hannayen nan.

Yanzu ta amsa: "Yaya, kar ki taɓa shi. Tun ina yarinya ban taɓa ganin hannunta a tsaye ba."