Gyambon Zaman Makoki

Zuwa ga uwargidana Hajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Na san ba za ki karanta takardar nan ba. To, da kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, tunda kin ce ajamina kamar kaji ne suka yi tono. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba irin wadda ake yi da kowa ba ce, don ta shafi mazaunaina.

Kin san su fiye da ni. Tun ranar da na faɗo daga saman kamyo, babbar motar dakon albasa, a hanyar Guéné lakata ta tsinke, daga cibiya zuwa ƙasa ban ƙara jin komai ba. Likitan Parakou ya gaya miki kada in daɗe zaune ban dafa ƙasa na ɗaga jikina ba, kuma a riƙa duba mini baya kullum, don gyambon zama shi ke kashe irinmu, ba karayar ba. Kika riƙe maganar nan kamar farilla. A lokacin Dahome ake ce wa ƙasar nan. Sojoji suka yi ta tuɓe juna, ƙasa ta sauya suna, kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai sayar da gawayi, ke kuwa ba ki yi fashin safiya ɗaya ba. Ki kifa ni, ki duba, ki shafa man kaɗe, ki ɗaka mini duka a wurin da kika san ba na ji, ki ce in hau kekena na guragu in tafi neman na cefane. A rumfata ma, ina ɗinkin buhunan albasa, ban tsira ba. Duk matar unguwarmu da za ta shiga kasuwa sai kin ba ta saƙo ta ce mini in ɗaga. Rabin Malanville sun san lokacin ɗaga gindina, sai dai ba su san dalili ba.

Gida lafiya. Babban ɗanmu yana nan da shirunsa, Rabi matarsa ta yi nauyi, akuyarki kuma ta cinye mini hula. Abin da ba lafiya ba shi ne abin da makokinki ya yi mini.

Da aka dawo daga kai ki, sai aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka jingina ni da bango, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa daga safe har magariba. Kin yi jama'a, Hajo, ban yi tsammanin mai faɗa irinki za ta tara mutane haka ba. Ni kuwa ina cikin baƙin cikina ban manta da horonki ba. Da na ga zama ya yi tsawo sai in dafa tabarma in ɗaga. Ina ɗagawa sai zaure ya ruɗe, wai zan miƙe ne in girmama baƙi. "Zamna, Malam Garba, zamna! Mi kaka yi haka, kai da ba ka da ƙafa?" Sai hannuwa su sauko mini a kafaɗa su mai da ni ƙasa. In bari a ɗan jima in sake gwadawa, a sake danne ni. Kawunki na Garou shi kuma ya ɗauka sallamarsu nake yi, ya tattara mutanensa suka tafi tun ba a kawo tuwo ba, har yau in na gaishe shi da hanci yake amsawa.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne babban jandarman bakin gada, wanda kike sayar wa fura. Ya shigo da kakinsa daidai na ɗaga. Ya ɗauka ƙamewa zan yi in sara masa. Mutumin nan har ƙwalla ta cika masa ido. Ya danne ni da hannu biyu, ya tsaya a kaina ya yi wa zaure jawabi a kan ladabin talakan juyin juya hali, bai ɗauke hannunsa ba sai da ya gama, kin kuwa san mutanen nan ba su san gajeren jawabi ba. Me zan ce? Liman na gefe, ana tsakiyar fatiha, in buɗe baki in ce a sake ni gindina na buƙatar iska? Haka na zauna daram har aka yi addu'ar bakwai.

Bayan nan sai zazzaɓi ya fara zagayo ni da yamma, ina jin wani wari da ba na albasa ba. Na san ko mene ne. Kin tuna Sanda masunci da kwale-kwale ya karya wa baya? Ƙaramin tabo ya fara masa, damina ba ta fita ba muka kai shi. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye miki ba. Amma wa zan ce ya duba? Ɗan farinmu, wanda ko sunansa ba na faɗa, ko abinci ba ya ci a gabana? Ko Rabi, surukata, da ke durƙusawa tun daga bakin ƙofa? Na auna mutuwa, na auna tuɓe wando a gabansu, sai na ga kamar mutuwar ta fi sauƙi. Na ja bakina na yi shiru.

Ashe Rabi ta ga jini a wandona wajen wanki. Kunya ta hana ta gaya mini, ta gaya wa mijinta a kaikaice. Shi ma ya kasa, ya je ya sami liman. Liman ya zo ya zauna ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan tsarki da wankin tufafi, na yi ta cewa na'am ban gane inda ya dosa ba. Da ya ga bai ci nasara ba ya gaya wa ladan, ladan ya gaya wa mai shayi, daga nan maganar ta isa rumfar facin taya ta ƙaninki Idi. Kin san tsakanina da Idi ba kunya sai wasa, tun ranar ɗaurin aurenmu yake zagina. Ya taho da furfurarsa da baƙin mai a hannu, ya tsaya a tsakiyar 'yan albasa ya ɗaga murya ya ce an gaya masa tayar mijin yayarsa ta baya ta yi faci, ya zo dubawa. Hajo, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige da kekena gaba ɗaya.

Ya turo ni gida yana waƙa, ya kori kowa daga zaure, ya kifa ni kamar yadda yake kifa tayar kamyo. Wai a bar shi ya kankare wurin ya liƙa roba, kafin la'asar in koma aiki. Da ƙyar na sa ya kira ma'aikacin asibiti, mutumin ya zo ya wanke, ya sa magani, ya ce ba zama sai ya rufe. Yanzu rub da ciki nake ɗinkin buhu, Idi na kawo mini su daga kasuwa don kada rumfata ta faɗa hannun wani. Kullum da safe yana nan. Hannunsa kamar dutsen niƙa, man kaɗen da ke yi miki wata guda shi a mako yake ƙarar da shi, kuma yana fita zai ba mai shayi rahoton yadda aka kwana. Amma gyambon yana haɗewa, zazzaɓin ma ya tafi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na shekaranjiya. Idi ya gama shafa mai sai na ji ya yi shiru, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Na ce ko wurin ya ɓaci ne. Sai ya fita, ya dawo da madubin gefen mota, ya riƙe mini ta yadda zan hango. Ya ce in duba da kyau, ban da ɗan wurin nan da masu gaisuwa suka yi, ko tabo ɗaya babu. Ya ce ya ga bayan Sanda ranar da suka yi masa wanka, ya san yadda bayan irinmu yake zama. Daga nan ya juya yana sharar ido da hannun mai.

Na duba, Hajo. Fata sumul kamar ta jariri, a jikin tsohon da ya fi shekara ashirin a zaune. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ni duk tsawon zamanmu ƙorafi nake yi kina tashina da sassafe, kina aiko mini mata kasuwa suna ba ni kunya. Ashe aikinki ke nan, kin yi shi a inda ba zan gani ba, ba zan ji ba, ba wanda zai yaba miki. Me ya sa ba ki taɓa yi mini gori ba, ke da kike gori a kan gishiri?

Na gode, Hajo. Na so a ce na faɗa miki kina ji, ko da za ki ce in rufe baki in juya. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa in zo miki da bayana kamar yadda kika bar shi.

Mijinki mai kewarki,
Garba mai ɗinkin buhu, Malanville.