Inna Tana Ɗura wa Kifayena Abinci

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ni tela ne, kuma ni ne autan gidanmu. Bayan rasuwar Baba na ɗauko Inna ta dawo wurina, amma gangar jikinta kawai ta biyo ni. Kullum tana bakin taga, in ka gaishe ta daga lafiya lau ba ƙari. Abinci ma sai da lallashi.

Wata rana na kai ɗinki wani shago, na ga akwatin gilashi da ƙananan kifaye masu launi suna ta kai-komo. Na sayo ɗan madaidaici mai cin ruwa bokiti biyu, da kifi goma sha biyu, na ajiye a falo. Inna ta ce wannan almubazzaranci ne, kifin da ko miya ba zai yi ba. Ba a jima ba sai ga ta ta jawo kujerarta gabansu, har ta raɗa musu suna, akwai Acici, akwai Sarkin Tsoro. Wallahi ranar da na jiyo dariyarta tun daga ƙofar gida, sai da na tsaya na share hawaye.

To, ga inda gizo ke saƙar. Inna ba ta iya cin abinci wani na kallonta. Duk sanda aka zuba mata sai ta zuba musu, daga abincinsu na gwangwani har burbushin burodi da ƙwayar shinkafa. Ruwa ya yi fari, ya fara wari. Na kwashe kifayen, na wanke akwatin tas da sabulu har da soson na'urar tace ruwa, na cika da sabon ruwan famfo. Washegari biyar suka taso ciki sama. Sauran suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, har saura uku.

Na ɓoye gwangwanin a shagona, ni nake ba su. Alhamdulillahi ukun sun warware, ruwa ya washe, na sami sa'ida. Amma Inna ta mayar da kujerarta bakin taga, ta ce tunda hannunta ne ke kashe su, gara ta janye. Gwaggo, in mayar mata da gwangwanin su mutu, ko in hana ta in rasa dariyarta?

Autan Inna

Auta, Allah ya jiƙan Baba. Kwantar da hankalinka, abin bai kai nan ba. Amma kafin ka ɗora wa Inna laifi, zo ka ɗauki kasonka, don ya fi nata nauyi.

Gaskiya ne yawan abinci yana ruɓewa ya ɓata ruwa, kuma burodi da shinkafa ba cimar waɗannan kifaye ba ne. Sai dai kifi goma sha biyu sun yi wa sabon akwati irin naka yawa. Sannan wankin nan da ka yi shi ya ƙarasa su. A cikin soson nan akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye dafin kashin kifi, kai kuwa ka bi su da sabulu. Ruwan famfo ma yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke ƙona wa kifi wurin numfashi.

Daga yau, sabulu da akwatin nan sun raba gari. Kowane mako ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kawai, ka maye da wanda ka ɗiga wa maganin gyaran ruwa, masu sayar da kifin suna da shi. Soson kuma ka ɗauraye shi cikin ruwan da ka ɗebe. Ka nisanta akwatin da hasken rana. Kada ka ƙara kifi sai bayan wata guda, biyu sun isa, ƙanana masu zaman lafiya, kuma Inna za ta zaɓa.

Gwangwani kuwa, dawo da shi gida. Kowace safiya ka auna ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu, ka raba kashi uku, ka miƙa mata. Ta ci, su ci, ba wanda ya kalli wani.

Amma kafin duk wannan, ka zauna gabanta yau, ka gaya mata sabulunka ne ya yi ɓarnar. Ban sani ba ko ita ta yi jinyar Babanku, sai dai macen da ta ce hannunta ke kisa, ina jin ba kan kifi kaɗai maganarta ta tsaya ba. Kada ka bari ta sake kwana da wannan tunanin.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, kai kuma ya yi maka albarka.

Gwaggo